Yaron da ke tuɓe kaya: Ƙiriniya ce, ko jikinsa ne ke magana?

Wannan makon za mu taɓa wata matsala da kusan kowane gida mai ƙaramin yaro ya san ta, sai dai ba a cika ɗaukar ta a matsayin maganar lafiya ba. An yi wa yaro wanka, an shafa masa mai, an sa masa kaya, kafin ki juya ki ɗauko mayafi ya tuɓe ya yi zigidir yana zagaya tsakar gida. Ki mayar masa, ya sake cirewa. Ki matsa masa, ya kwanta yana birgima. Idan a gidan haya kike, irin gidajenmu na Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan inda ƙofa ke kallon ƙofa, ke ce za ki sha surutun maƙwabta. Dama Hausawa sun ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Tambayar da iyaye mata suka fi kawowa kantin magani a kan irin wannan yaro ita ce ko akwai abin da za a ba shi ya natsu. Amsar a taƙaice: babu, kuma neman irin wannan magani yana da haɗarin da zan yi bayani a ƙasa. Abin da ya fi amfani shi ne ki gano dalilin da ya sa yake tuɓewa, domin a wasu yaran alamar girma ce, a wasu kuma fata ce ke ciwo ba su da bakin faɗa.

Me ya sa yake tuɓewa?

Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku, hannun yaro yana ƙara ƙwarewa, kuma cire kaya ya fi sa kaya sauƙi. Shi ya sa kowane yaro yake fara koyon tuɓewa kafin ya koyi sawa. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, a jerin abubuwan da ake sa ran yaro zai iya yi, ta sa cire wasu kaya da kansa a wata 30, wato shekara biyu da rabi, sa wasu kaya da kansa kuma a shekara uku. Ke nan yaron da ya zare wandonsa ya ƙware ne a wani sabon abu, kuma yaro idan ya koyi sabon abu sai ya maimaita shi har a gaji.

A wannan shekarun ne kuma yaro ke gano cewa shi mutum ne daban, yana da nasa ra'ayi. Shi ne lokacin "a'a" da "ni zan yi". Ba shi da iko a kan lokacin cin abinci ko inda za a je, amma rigar da ke jikinsa tana hannunsa. Ga kuma abin da ya gani a fuskokinku: ranar farko da ya tuɓe, kowa ya yi dariya, wata ta bi shi da gudu, wani ya ɗauko waya. A wurinsa wannan wasa ne mai daɗi, gobe ma zai sake.

Kunya kuwa ba ta zo masa ba tukuna. Ɗan shekara biyu bai san tsiraici ba, sai a hankali yake fahimta yayin da yake girma, yawanci wajen shekara huɗu zuwa shida. Kiran sa mara kunya kamar zagin jariri ne don bai iya tafiya ba.

Idan famfas ne yake yawan cirewa, musamman bayan ya yi fitsari ko kashi, ki yi murna. Ya fara ƙyamar jiƙa, kuma wannan na daga alamomin cewa lokacin koya masa zama a fo ya yi.

Ki fara duba zafi da kayan kansu

Mu da ke zaune a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Benin mun san zafin nan daban yake da na Arewa. Iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, ga ɗauke wuta da dare, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ga shi ba ya zama wuri ɗaya. Duk da haka sai ki ga an sa masa singileti, an ɗora riga, ga famfas, ga wando mai kauri, wani lokaci har da safa da hula, wai kada sanyi ya kama shi. Ki sa hannu a bayan wuyansa. Idan kin ji danshi, kayan sun yi yawa, kuma yaron ya fi ki gaskiya.

Sannan ki juya rigar ki shafa cikinta a kuncinki. Ɗan ƙyallen da ake liƙawa a bayan wuya, bakin ɗinki mai kaushi, zaren surfani, leshi, shadda mai sitaci, duk suna sukar fata. Ki duba ƙugunsa ko robar wando ta bar masa shaida. Kayan roba masu sheƙi suna riƙe gumi, auduga mai laushi kuwa tana barin fata ta sha iska. Sabbin kaya da na gwanjo a wanke su kafin a sa wa yaro, a kuma ɗauraye kayansa sosai, domin ragowar garin sabulu a jikin tufa yana sa ƙaiƙayi.

Lokacin da fata ce ke ciwo

A nan ne aikina ya fi shigowa. Ki tuɓe yaron a wuri mai haske, ki duba shi daga kai zuwa tafin ƙafa.

Ƙurajen zafi: ƙananan ƙuraje ne a wuya, ƙirji, baya da hammata, suna fitowa idan hanyoyin gumi suka toshe. Suna suka kamar ƙaya, kuma riga na ƙara tsananta su. Maganinsu sanyaya jiki: wanka da ruwa mara zafi, kaya marasa nauyi, ɗaki mai iska. Ana iya shafa ruwan kalamin kaɗan. Kada ki lafta mai mai kauri a kansu. Hodar nan mai sanyi da ake bulbula wa yara kuma a yi hattara da ita, domin ƙurarta na shiga huhun yaro, idan ta haɗu da gumi kuma sai ta dunƙule a lungunan fata.

Bushewar fata mai ƙaiƙayi: za ki ga fata ta yi kaushi ko ta yi duhu a lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya ko kumatu, kuma ta fi tashi da hunturu. Irin wannan fata mai take so. A shafa Vaseline ko man kaɗe mara haɗi da zarar an fito daga wanka jiki da sauran danshi, sau biyu ko fiye a rana. A rage sabulu mai ƙarfi, a daina zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wankan yaro kullum, yana ƙara busar da fata.

Ƙazwa: idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ga ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya ko al'aura, a ƙananan yara har da tafin hannu da na ƙafa, kuma wani a gidan shi ma yana susa, to a yi zargin ƙazwa. Wata ƙwaro ce ƙarama da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma ba alamar ƙazanta ba ce, cunkoso ne ke yaɗa ta. Maganin da aka fi amfani da shi man shafawa ne da za ki ga an rubuta permethrin 5% a jikinsa. Ana shafe jiki duka, a bar shi awa 8 zuwa 12, a wanke, a maimaita bayan kwana bakwai. Dole kowa a gidan ya yi a rana ɗaya, a wanke kaya da zannuwan gado da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda aƙalla kwana uku. Ƙaiƙayi na iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan an gama. Farin ruwan nan na benzyl benzoate da aka saba da shi yana yi wa fatar yara zafi, kada a shafa wa ƙaramin yaro sai ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake sirka shi.

Sabar famfas: fata ta yi ja ko ta saɓule a mazaunai da matsematsi. A riƙa canza famfas da wuri, a bar wurin ya sha iska, a shafa mai mai sinadarin zinc oxide. Idan ya wuce kwana uku bai yi sauƙi ba, ko ya shiga cikin lanƙwasar fata da ƙananan ƙuraje a gefe, wataƙila naman gwari ne, maganinsa daban.

Tsutsar dubura: yaron da ke cire wando da dare yana kai hannu baya, yana kasa barci, a duba shi. Wasu ƙananan tsutsotsi farare kamar zare suna fitowa da dare su yi ƙwai a bakin dubura. Ana ba da mebendazole sau ɗaya, a maimaita bayan mako biyu, gida duka, a yanke farce, a riƙa wanke wurin da safe. Yaron da bai kai shekara biyu ba da mace mai ciki su nemi shawara tukuna.

Tsutsar ƙudan tumbu: wannan ƙuda yana yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari da kuma kan kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Idan yaro ya sa kayan, tsutsar sai ta shiga fata ta yi kumburi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, yaro yana jin motsi da suka. Ya fi yawa da damina. Shanya a igiya cikin rana da guge kaya ciki da waje suna maganin abin. Idan ya riga ya fito, kada a matse da ƙarfi, a kai shi asibiti.

Idan kuma yaron da bai saba tuɓewa ba ya fara fizge kaya yana rigima, ki auna zafin jikinsa. Idan ya kai digiri 38, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a fara ba shi magani.

Magunguna biyu da nake roƙon ki guje musu

Na farko, man shafawar nan masu haɗin magani uku da ake sayarwa kamar gyaɗa, ana cewa suna maganin kowane irin ƙurji. Ki karanta jikin kwalin. Idan kin ga betamethasone ko clobetasol, to akwai sinadari mai ƙarfi a ciki wanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta wa yaro, na 'yan kwanaki. Yana kwantar da ƙaiƙayi da sauri, shi ya sa iyaye ke son sa, amma yana sirantar da fata, yana ɓoye ƙazwa da makero su ƙara yaɗuwa. A ƙarƙashin famfas kuwa yana ratsa fata ya shiga jini fiye da ko'ina, kuma idan aka daɗe ana shafawa yana iya kumbura fuskar yaro, ya rage masa girma da ƙarfin yaƙi da cuta. Masu haɗa shi da man shafawar yara don fata ta yi haske, don Allah a bari.

Na biyu, ruwan maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa barci da ake ɗura wa yaro don a huta da rigimarsa. Promethazine, alal misali, ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, domin yana iya danne numfashi har ya kai ga rasa rai. Wasu yaran ma irin waɗannan magunguna ƙara birkita su suke yi. Mun ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Kada mu koya wa yara tun suna goye cewa natsuwa a kwalba take.

Yadda iyaye ke mayar da martani

Wasu duka suke yi. Dukan ɗan shekara biyu a kan riga yana koya masa tsoron lokacin sa kaya, gobe da ya hango riga a hannunki zai gudu. Idan kuma ƙazwa ce ko ƙurajen zafi ke cin sa, kin hukunta shi a kan ciwo.

Wasu tsoratarwa suke yi, da dodo ko da allura. Ta allurar nan ta fi damuna. Yaron da aka saba ce wa "zan kai ka a yi maka allura" shi ne ake kokawa da shi ranar rigakafi, ya kuma taso yana ganin asibiti wurin azaba.

Wasu kuma kunyatarwa: a kira yara su yi masa ihu, a nuna al'aurarsa ana tsokana. Yaron da aka koya wa cewa wannan sashe na jikinsa abin dariya ne ko abin zagi, da wuya ya zo ya gaya miki ranar da wani abu ya same shi a wurin.

Ga abin da ya fi aiki. Idan ya tuɓe, kada ki yi dariya, kada ki yi ihu, kada ki bi shi da gudu. Ki ce masa a natse, "A waje ana sa wando," ki mayar masa, ki ci gaba da aikinki. Wasan da ba mai tayawa ba ya daɗewa. Ki ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duk kin yarda da su: "Ja za ka sa ko shuɗi?" Ki bar shi ya zura hannu da kansa ko da zai ɗauki lokaci, ki yaba masa idan ya yi. Ki ware masa lokacin shan iska, kamar minti goma sha biyar bayan wanka a cikin ɗaki, ya san akwai lokacin tuɓewa da wurinsa. A cikin gida da rana, ɗan kamfai ko gajeren wando ya wadatar, ba sai an yi yaƙi a kan riga ba.

Idan za a fita unguwa ko da dare, a yi dabara: riga mai maɓalli a baya, ko haɗaɗɗiyar riga da wando da ake ɓallewa a ƙasa, ko a juya kayan barci mai zif ya koma baya. Ranar Sallah ko biki, a sa masa singiletin auduga a ƙarƙashin kayan kwalliya, a kuma riƙe masa kaya marasa nauyi a jaka.

Kai kuma maigida, wannan ba aikin uwa kaɗai ba ne. Idan ita ta hana kai kuma ka dawo kana dariya kana ɗaukar hoto, kun raba wa yaro hankali. Haka kaka da 'yar aiki da yayyensa, a gaya wa kowa doka ɗaya.

Wuraren da ba a sassauci

Daga magariba zuwa asuba, a rufe jikin yaro da kaya masu laushi, ya kwana cikin gidan sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓi a wannan lokaci yake cizo. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa. Takalmi ma a dage a kansa idan zai taka ƙasa, saboda tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa da kuma kwalabe da ƙusoshi.

Bayan ƙofar ɗaki kuma, a tsakar gidan haya, bakin famfo ko kan layi, wando dole ne, ga mace da namiji. Ba zargin maƙwabta ba ne, kariya ce. Tun yana shekara biyu zuwa uku ki koya masa sunayen sassan jikinsa, ki gaya masa cewa abin da wando ya rufe nasa ne, ba mai taɓawa sai ke ko wanda kika wakilta wajen wanka da tsarki. Hoton yaro tsirara kuma kada ya hau WhatsApp ko Facebook. Da ya bar wayarki, ba ki da iko da hannun da zai faɗa.

Yaushe za a ga likita?

A kai yaro asibiti idan ƙuraje sun fara ruwa ko mugunya, ko sun zo da zazzaɓi, ko ƙaiƙayi ya hana shi barci kwanaki a jere. Haka idan yana kuka lokacin fitsari.

A ga likitan yara idan ƙin kayan ya wuce misali, kowace irin tufa tana sa shi kururuwa, kuma ya haɗu da wasu alamu: ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido, ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Wannan na iya zama larurar da likitoci ke kira otizim ko matsalar ji, kuma gano su da wuri yana taimakawa ƙwarai. Tuɓe kaya shi kaɗai ba ya nuna haka.

Idan kuwa hali ya canza farat ɗaya, yaro ya fara firgita idan za a cire masa wando, ko kika ga jini, rauni ko wani ruwa a al'aurarsa, kada ki tsaya wanke shi ko shafa magani, kada kuma a rufe maganar don gudun abin kunya. A kai shi asibiti a ranar. Mazauna Legas akwai Cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja, wadda ke kula da irin wannan tun 2013.

Mafi yawan yara suna barin wannan hali da kansu yayin da suka iya sa kaya, suka fara makaranta, suka ga tsararrakinsu. Kafin lokacin, ki duba fatarsa, ki rage masa kaya, ki tsayar da doka kaɗan da kowa a gidan zai bi. Idan kina da wani man shafawa a gida da kike shafa wa yaro ba ki tabbatar da abin da ke cikinsa ba, ki ɗauke shi da kwalinsa ki kai wa masanin harhaɗa magunguna mafi kusa ya karanta miki.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuri'a.